Yadda Mutanen Japan Su Ke Horar Da Numfashi

Akwai wani aiki da ko wannenmu ya ke yi tun ran da aka haife shi, dare da rana, ba hutu. Wannan aiki shi ne numfashi. Babban mutum in yana zaune ya kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In aka tara na yini da na dare, ya kan kai wajen sau 20,000. Duk da haka ba mu cika kula da shi ba, sai ran da mura ta toshe mana hanci.

To, akwai wata ƙasa inda mutane suka mai da numfashi abin koyo, kamar yadda a ke koyon saƙa ko ƙira. Sunan ƙasar Japan. A cikin wannan darasi za mu ga yadda su ke yi, da amfanin da su ke samu, da kuma abin da numfashi ba ya iyawa. Wannan na ƙarshe ku riƙe shi da kyau, don ya shafi lafiyarku da kuɗinku.

Ƙasar da mayaƙanta

Japan tsibirai ce, watau ƙasa wadda teku ta kewaye ta ko ta ina. Tana can gabas mai nisa, gaba da ƙasar Sin. Manyan tsibiranta 4 ne, ƙananan kuwa dubbai. Mutanenta sun fi miliyan 120. Babban birninsu Tokiyo.

A zamanin da akwai wasu mayaƙa a ƙasar, ana kiransu samurai. Gadon yaƙi su ke yi, ɗa ya gaji uba. Ko wane samurai ya kan soke takubba 2 a ɗamararsa, dogo da gajere. Daga shekarar 1603 zuwa 1868 gida ɗaya ne ya riƙe mulki, gidan Tokugawa, yaƙe-yaƙe kuwa suka yi sauƙi ƙwarai. Amma mayaƙan ba su bar takobi ya yi tsatsa ba. Suka riƙa zuwa makarantu suna koyon sara da harbi da kokawa.

A 1876 gwamnati ta hana yawo da takobi. Sannu a hankali makarantun suka zama wuraren horar da jiki da gyaran hali. Daga cikinsu judo ya fito a 1882, ta hannun wani malamin makaranta mai suna Kano Jigoro. Kada sunan ya ruɗe ku, ba shi da dangantaka da birnin Kano. Sunan gidansu ke nan, su kuwa sunan gida su ke fara faɗi kafin na yanka. Tun daga 2012 ko wane ɗan ƙaramar sakandare a Japan, mace da namiji, sai ya ɗanɗana ɗaya daga irin wasannin nan.

In kun shiga irin makarantun nan za ku ga abu ɗaya. Kafin a fara, almajirai su kan durƙusa a jere, su zauna bisa dugadugansu, su rufe ido, su daidaita numfashi na ɗan lokaci. In an gama kuma su sake yin haka. Da numfashi a ke buɗewa, da shi a ke rufewa.

Kalmomi uku

Sai mun san kalmomi 3 na harshensu kafin mu gane zancen.

Ta fari ita ce kokyu, watau numfashi. Gaɓa biyu gare ta. Ko shi ne fitar da iska, kyu shi ne shaƙa. Ku lura, fitarwa ce a gaba. Haka kuma malamansu su ke koyarwa, a fara da fitarwa. Tulun da ke cike ba ya karɓar sabon ruwa.

Ta biyu ita ce hara, watau ciki. Mu mu kan ce farin ciki, da baƙin ciki, da zurfin ciki. Su ma a ciki su ke ajiye halin mutum. In mutum ya fusata, su ce cikinsa ya miƙe tsaye. Mai natsuwa wanda ba ya razana, su ce cikinsa ya zauna. Makiri kuwa su ce cikinsa baƙi ne. A cikin hara akwai wani wuri da su ke ji da shi, ana kiransa tanden. Yana kamar yatsu 3 ƙasa da cibiya, can ciki, wajen da mu ke kira mara. Ma'anar sunan ita ce gonar magani. Daga mutanen Sin suka samo shi.

Ta uku ita ce ki. Wannan tana da wuyar fassara. Tana nufin iska, tana nufin kuzari, tana nufin niyya da ƙarfin rai. Tana cikin maganarsu ta kullum. Ƙoshin lafiya genki, ciwo byoki, halin sararin sama tenki, iskar da mu ke shaƙa kuki.

Likitocin gargajiya na Sin da Japan sun ɗauka ki wani abu ne mai gudana a jiki, kamar ruwa a lambu. Suka ce in ya taru a mara, mutum ya sami lafiya da natsuwa. In ya hau kai, sai fushi da tsoro da ciwo. Likitocin zamani sun duba jikin mutum ciki da waje, sun auna shi da na'urori iri iri. Ba su ga ki ba, ba su kuma sami wata gaɓa ta dabam a wurin tanden ba. Abin da aka tabbatar shi ne, in mutum yana tsaye, tsakiyar nauyin jikinsa tana kusa da wurin nan.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

To, in ba a ga ki ba, me ya sa horon ya ke da amfani? Amsar tana cikin ƙirar jikinmu.

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya ga wani nama mai faɗi, marar kauri, wanda ya raba huhu da zuciya a sama, hanta da tumbi da hanji a ƙasa. Mu ma muna da shi. A nan za mu kira shi shamaki. Siffarsa kamar ƙwarya a kife. In za mu shaƙi iska, shamakin ya kan sauka, wuri ya buɗe a ƙirji, iska ta shiga huhu. Da ya sauka sai ya danne kayan ciki, ciki ya turo waje. In ya saki ya koma sama, iska ta fita. Aikinsa ɗaya da zugazugin maƙeri. Saboda haka in an ce numfashin ciki, ba a ciki iskar ta ke zama ba. A huhu ta ke, cikin dai motsi ya ke yi.

Ku dubi jariri yana barci. Cikinsa ne ke tashi yana sauka. Sa'an nan ku dubi babban mutum wanda ya tsorata ko ya fusata. Kafaɗunsa ne ke ɗagawa, numfashinsa gajere, da sauri da sauri. Abin da malaman Japan su ke koyarwa shi ne a mai da numfashi ƙasa, irin na jaririn nan.

A ko wane numfashi mu kan shaƙi wajen rabin lita na iska. A cikinta akwai wata iska da jini ke bukata, ana kiranta oksijin. Kashi 21 ce cikin 100 na iskar da ke shiga, ta zama wajen 16 a wadda ke fita. Jinin mai lafiya kusan a ƙoshe ya ke da ita kullum. Don haka dogon numfashi ba ya ƙara masa wani abin kirki ta nan. Amfaninsa yana wurare biyu dabam.

Na ɗaya, zuciya. Ku ɗora yatsu a wuyan hannu inda jijiya ke harbawa. In kun shaƙi iska bugun ya kan ɗan ƙara sauri, in kun fitar ya ɗan ragu. An fi jin wannan ga yara da samari. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauko zuciya da huhu da ciki. Aikinta ga zuciya kamar linzami ne ga doki. In mutum ya rage saurin numfashi, ya tsawaita fitarwa, sai linzamin ya kama, zuciya ta lafa, hankali ya kwanta.

Na biyu, gangar jiki. Buhun da ke cike da hatsi ya kan tsaya da kansa, wanda ba kome ciki kuwa sai ya zube. In mutum ya ɗaure mara yana fitar da iska, cikinsa ya kan cika ya yi tauri, ya tallafi ƙashin baya. Sa'an nan ƙarfin ƙafafu ya sami hanyar wucewa zuwa hannu. Mai faskare ya san wannan ko ba a gaya masa ba. Shi ya sa ya ke yin nishi daidai lokacin da gatari ya sauka.

Malamin da ya yi ciwo

Ba mayaƙa kaɗai suka kula da numfashi ba. A Japan akwai wani reshe na addinin Buda da a ke kira Zen. Mabiyansa su kan zauna shiru, baya a miƙe, na dogon lokaci. Sabon shiga a kan sa shi ƙirga numfashinsa daga 1 zuwa 10, in ya kai ya koma 1. In tunani ya ɗauke shi ya manta lissafi, ya sake daga fari.

Wani babban malaminsu shi ne Hakuin, wanda aka haifa a 1686 kusa da dutsen Fuji. Yana saurayi ya matsa wa kansa da zama da tunani har ya kwanta ciwo. Ya ce kansa ya yi zafi, ƙafafunsa suka yi sanyi ƙalau, kunnuwansa suna ƙara, ga yawan gumi, ga tsoro ba dalili. Masu magani suka kasa. Ya ce daga baya wani tsoho mai zama a kogon dutse kusa da birnin Kiyoto ya koya masa hanyar warkewa. Masu binciken tarihi suna shakka ko sun sadu da gaske, amma hanyar tana nan a littafinsa, Yasen Kanna, wanda ya fito a 1757.

Hanyar kashi biyu ce. Ta fari, mutum ya kwanta rigingine, ya miƙe ƙafafu, ya mai da numfashinsa da hankalinsa duka zuwa mara, da cinyoyi, har tafin ƙafa. Ta biyu, ya ƙaddara a ransa an ɗora masa curin man shanu kamar girman ƙwan agwagwa a tsakar ka. Man yana narkewa, yana gangarowa a hankali ta kafaɗu, da ƙirji, da ciki, har ya taru a ƙafafu da ɗumi. Babu man gaske, tunani ne kawai. Amma yana sa mutum ya saki jikinsa gaɓa gaɓa, daga sama zuwa ƙasa. Hakuin ya ce ya warke. Ya yi tsawon rai kuwa, sai a 1769 ya rasu, ya haura shekara 80.

A fagen wasa

Yanzu mu koma wurin masu takobi. Wasan takobi na zamani sunansa kendo. Da sandar gora a ke yi, a sa kwalkwali da sulke. Malamansa suna koyar da cewa mutum yana da ƙarfi sa'ad da ya ke fitar da iska, yana da rauni sa'ad da ya ke shaƙa. Saboda haka gwani ya kan zuba wa abokin karawarsa ido. Da ya ga kafaɗa ta ɗaga, ya san yana shaƙa ne, sai ya kai sara. Shi kuwa ya kan ɓoye nasa numfashin a mara, ya shaƙa da sauri, ya fitar a hankali, kafaɗa ba ta motsi.

Lokacin sara sai ya yi wata tsawa daga ciki. Sunanta kiai, watau haɗa ki wuri ɗaya. Ya kan kira sunan wurin da ya nufa: men in kai ne, kote in wuyan hannu ne, do in kwiɓi ne. Alƙalai 3 ke tsaye. Ba su ba da maki sai tsawa da sanda da taka ƙafa sun zo tare. Sara ba tsawa, ko ya sami wurin, banza ne. Tsawar nan tana ɗaure mara, tana hana mutum riƙe numfashi don tsoro, tana kuma razana abokin karawa.

Masu harbi da baka nasu wasan kyudo. Bakansu ya fi mita 2 tsawo. Abin da a ke harbi faifai ne mai faɗin santimita 36, a nisan mita 28. An raba harbi ɗaya mataki 8, tun daga kafa ƙafafu har bayan kibiya ta tashi. Ko wane motsi da numfashinsa. In maharbi ya ja tsirkiya ta kai iyaka, ya kan dakata na 'yan daƙiƙu, jiki a buɗe, mara a cike. Wanda numfashinsa ya hau ƙirji, hannunsa sai ya yi rawa, kibiya ta baɗe.

Kokawarsu ta gargajiya sumo ce. 'Yan kokawar ƙatti ne, da yawa sun fi kilo 150. Abin mamaki, ba a busa musu usur. Su biyu su kan tsuguna suna kallon juna, su dafa ƙasa da dunƙulen hannu, sai numfashinsu ya zo daidai su zabura tare. In ɗaya ya riga ɗaya tashi, alƙali ya mai da su. Irin wannan jituwa suna kiranta a-un no kokyu. A ƙofar ɗakunan ibadarsu a kan ga gumaka biyu, ɗaya baki buɗe yana cewa a, ɗaya baki rufe yana cewa un. Har miji da mata da suka san halin juna, ko abokan aiki da ba su bukatar dogon bayani, a kan ce suna da wannan numfashi.

Kareti daga tsibirin Okinawa ya fito, can kudu. Wani malaminsa, Miyagi Chojun, wanda ya rasu a 1953, ya kafa makarantar Goju, watau tauri da taushi. Tushen karatunsu wani atisaye ne mai suna Sanchin. Almajiri ya ɗaure jikinsa duka, ya riƙa takawa a hankali, yana fitar da numfashi da ƙara. Malami yana zagaya shi, yana dukan kafaɗunsa da cinyoyinsa da tafin hannu, don ya ji ko akwai inda ya saki. Wannan horo ne mai tsanani. Yunƙuri irin wannan ya kan ɗaga jini na ɗan lokaci, don haka bai dace da mai hawan jini ba.

Sai aikido, wanda Ueshiba Morihei ya kafa. An haife shi a 1883, ya rasu a 1969. A nan ba a karo da ƙarfin abokin karawa, kauce masa a ke yi a juya shi ya faɗi. Suna da wani atisaye: mutum biyu su durƙusa suna fuskantar juna, ɗaya ya riƙe wuyan hannuwan ɗaya tam. Wanda aka riƙe ya saki kafaɗu, ya fitar da numfashi, ya turo daga ƙugu, sai mai riƙon ya kife.

Wani almajirin Ueshiba, Tohei Koichi, ya yi fama da ciwon ƙirji yana saurayi. Ya dage da zaman Zen da horon numfashi har ya yi ƙarfi. Shi ya kai aikido tsibirin Hawai a 1953, ya kuma kafa ƙungiyar nazarin ki a 1971. Ya rasu a 2011 yana da shekara 91. Yana da wani gwaji da za ku iya yi a aji. Mutum ya miƙa hannu, ya dunƙule, ya ɗaure iya ƙarfinsa, wani ya gwada lanƙwasa masa gwiwar hannu a hankali. Sau da yawa za ta lanƙwasu. Sa'an nan ya buɗe yatsu, ya saki kafaɗa, ya riƙa numfashi a natse, ya ƙaddara ruwa na fita ta yatsunsa zuwa nesa. Yanzu lanƙwasawa ta yi wuya. Tohei ya ce ki ne ke gudana. Masu ilmin jiki suka ce a dantse akwai nama mai miƙe hannu, akwai mai lanƙwasa shi. In ka ɗaure duka, suna faɗa da juna. In ka saki, mai miƙewa kaɗai ke aiki.

Amma fa akwai masu wuce gona da iri. Wasu sun ce da ki su ke ka da mutum daga nesa, ba tare da sun taɓa shi ba. Almajiransu kuwa su yi ta faɗuwa, don sun gaskata. A 2006 wani dattijo mai irin wannan da'awa a Japan ya yarda ya kara da wani ɗan dambe wanda ba almajirinsa ba. Ya yi ta kaɗa hannu a iska, ɗan damben ko gezau. Ba a jima ba dattijon ya sha naushi, ya zube. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Numfashi da magani

A farkon ƙarni na 20 horon numfashi ya zama abin yayi a biranen Japan. Dalili kuwa tarin fuka ya addabi ƙasar, ga shi a lokacin ba a sami maganinsa ba. Mutane suka bazama neman abin da zai ƙarfafa jikinsu. Wani malami, Okada Torajiro, ya tara dubban mabiya a Tokiyo yana koya musu zama shiru da numfashin mara. A 1920 ya mutu da ciwon ƙoda yana da shekara 48, mabiyan da yawa suka watse. Wani kuma, Nakamura Tempu, ya kamu da tarin fuka, ya warke, ya fara koyarwa a 1919, ya kai shekara 92.

Ku lura da wani abu a nan. In ba a yi magani ba, tarin fuka ya kan kashe wajen rabin waɗanda ya kama. Waɗanda suka tsira su ne suka rubuta littattafai suna yabon hanyarsu. Waɗanda suka bi hanyar suka mutu, ba su bar mana labari ba.

A 1922 kuma wani mutum mai suna Usui Mikao ya fara abin da a ke kira reiki. Mai yi ya kan daidaita numfashinsa, ya ɗora hannu a jikin majiyyaci ko kusa da shi, ya ce yana zuba masa ki. Abin ya bi ta Hawai ya shiga Amurka, ya yaɗu a duniya, ana biyan kuɗi a kansa. An gwada shi a asibitoci, har aka haɗa masu yin sa da waɗanda ke kwaikwayo kawai don a ga bambanci. Ba a sami tabbacin yana warkar da wata cuta ba.

Ga lissafin da zai raba gardama. Mutanen Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna horon numfashi. Duk da haka a 1947, in an kwatanta tsawon ransu, namiji shekara 50 ne, mace 54. Har 1950 tarin fuka ne kan gaba wajen kashe su. Da magungunan asibiti suka zo, da allurar rigakafi, da ruwa mai tsabta, da abinci mai kyau, sai abin ya juya. A 1961 aka sa kowa cikin tsarin biyan kuɗin asibiti na ƙasa. Yanzu namiji ya kan kai wajen 81, mace wajen 87.

To, ashe horon banza ne? A'a. Likitoci sun gwada, sun ga numfashi a hankali, wajen sau 6 a minti, yana rage fargaba, yana kuma ɗan sauke jini kaɗan. A asibiti a kan koya wa masu daɗaɗɗen ciwon huhu su fitar da iska ta tsukakken baki, don haki ya yi sauƙi. A kan sa wanda aka yi wa aiki ya riƙa jan dogon numfashi don huhunsa ya buɗe. Ungozomomi su kan koya wa mai naƙuda yadda za ta yi numfashi. Mai asma ma ya kan ji sauƙi, amma ba zai ajiye maganinsa ba.

Numfashi ba ya kashe ƙwayar cuta. Ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon sukari, ko ciwon daji. Wanda ya yi tari ya kai mako 2, ya tafi asibiti a duba majinarsa. Tarin fuka yana warkewa in an sha magani yadda aka ce, galibi wata 6. Duk wanda ya ce ku bar asibiti ku biya shi ya tura muku wani ƙarfi da hannu ko da numfashi, ku riƙe kuɗinku.

Yadda za ku gwada

Wasu hanyoyin nan a cikin addinin mutanen Japan suka taso. Abin da za mu nuna muku a nan motsa jiki ne kawai, irin wanda likitoci ke koyarwa. Ba ya bukatar ko kwabo.

Ku sami wuri mai iska, nesa da hayaƙin murhu. Kada ku yi da ƙoshi. Ku zauna a tabarma ko kujera, baya a miƙe, kafaɗu a sake. In zama da wuya, ku kwanta rigingine.

Ku ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a mara. Ku fara da fitar da iska a hankali, mara tana shiga ciki. Sa'an nan ku shaƙa ta hanci kuna ƙirga 1 zuwa 4 a zuci. Hannun mara ya tashi, na ƙirji ya zauna kusan shiru. Ku fitar kuna ƙirga 1 zuwa 6. In ƙirgar ta yi muku tsawo, ku rage, ku shaƙa da 3 ku fitar da 4. Minti 5 da safe, minti 5 kafin barci, ya isa. Ran farko ƙirji zai yi ta rigima. Kada ku damu, sannu ba ta hana zuwa.

In kun ji jiri, ko yatsu suna tsira, kun cika zurfi ko sauri ne. Ku tsaya, ku koma numfashin da kuka saba. Kada ku riƙe numfashi kuna yunƙuri. Mai ciwon zuciya, da mai hawan jini, da mace mai ciki, su tambayi likita kafin su shiga horo mai tsanani. Ku kuma gargaɗi yara: kada su yi numfashi da sauri da sauri sa'an nan su yi nutso a rafi ko kududdufi. Mutum ya kan suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya ji alama ba.

In kun saba, za ku ga ranarsa a wurare da yawa. In magana ta yi zafi a kasuwa ko a gida, ku fitar da dogon numfashi sau 3 kafin ku amsa. In za ku ɗaga buhu, ku durƙusa, ku ɗaure mara, ku miƙe kuna fitar da iska. In malami ya kira ku allo gaban jama'a, gaba yana faɗuwa, ku saki kafaɗu, ku fitar da iska a hankali, sa'an nan ku ɗauki alli.

Tambayoyi

1. Sau nawa babban mutum ya kan yi numfashi a minti ɗaya in yana zaune?
2. Ina ne tanden ya ke a jiki? Me mu ke kiran wurin da Hausa?
3. Me ya sa ciki ya ke turowa in mun shaƙi iska?
4. Wane lokaci gwanin kendo ya ke kai sara, kuma don me?
5. Me ya ƙara wa mutanen Japan tsawon rai bayan 1947?
6. Maƙwabcinku ya yi mako 3 yana tari. Wace shawara za ku ba shi?
7. Ku rubuta waɗannan kalmomi a littafinku: numfashi, huhu, mara, cibiya, natsuwa.